Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Abuja Da Shugabannin Majalisar Tarayya: A Gina Wa Talaka Zaure A Gindin Dutsen Aso

Zuwa ga Mai Girma Ministan Babban Birnin Tarayya, da shugabannin Hukumar Raya Birnin, FCDA, da shugabannin Majalisar Dattawa da ta Wakilai.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, Allah ya taya ku riƙo.

Daga Zariya nake rubuto muku, kuma zanen gini ne sana'ata. Maganata a kan unguwar nan ce ta gindin Dutsen Aso, inda aka tara Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli, haɗe da layin ma'aikatun da ya biyo ta Dandalin Eagle da sakatariyar tarayya. Roƙona ɗaya ne, sauran duk bayani ne a kansa. Duk gini ko gyaran da za a ƙara yi a wannan yanki, a fara da tambayar ta ina mutumin da ya zo da ƙafa zai shiga, a ina zai zauna, wa zai amsa sallamarsa. Yadda ake yi yanzu, sai an gama da wurin ajiye motocin manya sannan a tuna da shi, in ma an tuna.

Wani zai ce ina ruwan Bazazzagi da titunan Abuja. Da ruwanmu mana. Da dukiyar ƙasa aka gina ta, kuma sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta. Ga kuma tarihi. Bayan jihadi Sarkin Zazzau Makau ya bar garin nan ya yi kudu, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka tashi gina sabon babban birni aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja, har gobe kuwa Sarkin Zazzau Suleja ake kiran sarkinsa. Ƙasar da aka aza harsashi a kanta ta Gbagyi ce da maƙwabtansu, da yawansu an tashe su daga gonakin kakanninsu domin a yi wa ƙasa duka gida. Wanda ya ba da suna da wanda ya ba da ƙasa, kowannensu yana da bakin tambaya ko gidan ya zama na kowa kamar yadda aka yi alkawari.

Alkawarin kuwa a rubuce yake. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, wanda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa a 1975, ya ba da shawarar a bar Legas saboda cunkoso da ƙarancin fili, a dawo tsakiyar ƙasa inda babu babbar ƙabilar da za ta ce garin nata ne. Murtala ya sanar da haka a Fabrairun 1976, 'yan kwanaki kafin a kashe shi. Kamfanin International Planning Associates na Amurka ya miƙa babbar taswirar birnin a 1979, sannan aka ba Kenzo Tange, gwanin zanen gini na Japan, aikin fitar da tsakiyar garin dalla-dalla. Duk wanda ya karanci wannan taswira a aji ya san ƙashin bayanta: doguwar farfajiya miƙaƙƙiya da ta fuskanci dutsen, ofisoshi dama da hagu, jama'a a tsakiya.

Amma soja ne suka fara tarewa. Ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya mayar da gwamnati Abuja, bayan yunƙurin juyin mulkin Afrilun 1990 da aka kai wa Barikin Dodan farmaki a Legas. Wanda ya tsallake irin wannan dare, katanga ce za ta fara zuwa masa a rai. Farar hula suka gaji unguwar a 1999 yadda suka same ta. Sai ga bama-bamai: ranar 1 ga Oktoba 2010 kusa da Dandalin Eagle ana tsakiyar bikin cika shekara 50 da samun 'yanci, Yunin 2011 a hedikwatar 'yan sanda, Agustan 2011 a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. An rasa rayukan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Bayan kowane hari aka jawo tubalan kankare da duro-duro da buhunan yashi da waya mai ƙaya aka datse wata hanya. Ban ga laifin wanda ya yi haka a ranar da ya yi ba. Abin da ke damuna shi ne kayan da aka ajiye don gaggawa sun kwana, sun shekara, sun zama su ne fuskar gwamnati. Babu mai zanen da ya zauna ya tsara su, babu kuma wanda ya sa ranar ɗauke su.

Ranku ya daɗe, ku kuna shiga wannan unguwa ne a bayan mota, gilashi a rufe, ana ɗaga muku ƙarfe tun daga nesa. Ku ba ni dama in bi da ku ta hanyar da sauranmu ke bi. Ku ɗauki tsohon ma'aikaci daga Tudun Wada da ke bin haƙƙinsa na fansho, ko uwa daga Samaru da ta riƙo takardar koke za ta kai wa ɗan majalisar mazaɓarta. Sun yi sammako a Kwangila, sun ratsa Kaduna, tafiyar da ta haura kilomita 250. Motar haya ta sauke su can nesa da inda suka nufa, domin ba ta isa ta matso ba. Tun 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar gari, kuma ba a maye gurbinsa da abin da talaka zai iya biya a kowane lungu ba. Abin da ya rage musu ƙafa ce, a gefen titunan da aka auna faɗinsu da gudun mota. A watan Maris zafin Abuja kan haura digiri 35, kwalta da kankare suna mayar da shi fuska, ga tazara tsakanin gini da gini babu rumfa babu baranda. Da damina kuma babu inda za a raɓa. Sun isa ƙofa, sai tsayuwa. Babu benci, babu ruwan sha, babu bayan gida, babu wurin alwala, babu allon da ya ce ofishi kaza yana hawa kaza. Tambayar farko da za su ji ita ce wa suka zo gani, kuma ya san da zuwansu? Wanda ba shi da lambar wayar wani a ciki, yawanci a nan tafiyarsa ke ƙarewa.

Jami'in da ke bakin ƙofar ma ba shi da yadda zai yi. Shi kansa a rana yake tsaye. An ba shi ƙarfe da umarni, ba a ba shi ɗaki ko tebur ko rajistar da zai rubuta sunan baƙo ya ba shi lamba ba. Abu biyu kaɗai ginin ya bar masa, ko ya buɗe ko ya hana, kuma hanawa ta fi masa sauƙin karewa gaban na sama da shi. Sau da yawa abin da muke kira wulaƙancin ma'aikata, tun a kan takardar zane aka shuka shi.

Nan garin namu an daɗe da warware wannan matsala, da ƙasa da azara. Gidan Bahaushe ba a faɗa masa kai tsaye, ba a kuma rufe shi ruf. A waje akwai dakali, kowa na iya zama ba sai ya nemi izini ba. Sai zaure, inda baƙo ke yin sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa kafin a tambayi abin da ke tafe da shi. Magini yakan karkatar da ƙofar ciki ta yadda ba za ta kalli ta waje ba, domin na zaune kada ya hango iyali. Bayan zaure akwai fili, sannan shigifa, wadda sai na jiki ke wucewa, sannan cikin gida. Kowane mataki yana tace mutane, amma babu matakin da ke korar mutum ya koma rana. Maigida yana da tsaronsa cikakke, baƙo yana da mutuncinsa cikakke, kuma gini ɗaya ne ya ba su duka biyun.

Fadar Zazzau haka take, sai dai ta fi girma. Dandali ne a gabanta, Masallacin Juma'a a gefe. A wannan fili ake jafi ranar hawan Sallah, ta nan ake wucewa kasuwa ranar da babu komai, yara na wasa, masu talla na zagayawa. Dogari yana nan, amma aikinsa ya haɗa da yi wa mai ƙara iso. Masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, har da ɗakin shari'a a harabarsa, inda a da mai wucewa kan tsaya ya ji yadda alƙali ke yanke hukunci. Bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufin wannan masallaci, sun sa masana daga Turai suka zo suka auna shi, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ba na mantawa da cewa wani ɓangarensa ya rufta ranar 11 ga Agusta 2023 ana sallar la'asar, mutane suka rasu, Allah ya gafarta musu. Wannan rashi ya koya mana cewa ginin da jama'a ke cika yana buƙatar mai duba shi kullum da kuɗin kula da shi a ware, kuma darasin ya shafi kankare kamar yadda ya shafi tubali.

Ba ina cewa a mayar da Majalisa fadar sarki ba ne. Sarauta daban, zaɓe daban. Zauren gargajiya ma yana da nasa giɓin, domin wurin maza ne. Mace mai koke takan bi ta hannun wata a cikin gida ko ta aiki namiji ya faɗa mata. Zauren da nake roƙo dole ya gyara wannan, ya zama mace mai goyo za ta shiga da kanta, ta sami wurin zama da wurin shayarwa da bayan gida nata, ta yi magana da bakinta. Dabarar nake so a ɗauka, wato shiga mataki-mataki, kowane mataki da inuwarsa da mai amsawa. Zanko da zanen dagi a jikin bango ado ne, kuma an sha manna su a gine-ginen da babu mai iya kusantarsu.

Akwai wani kuskure da nake tsoron za a faɗa idan aka ce a yi ginin gwamnati a buɗe, shi ne a ɗauka gilashi ake nufi. Abin ya samo asali ne daga ƙasashen sanyi. A Jamus, da aka gyara ginin majalisa na Balin aka buɗe shi a 1999, Norman Foster ya ɗora masa ƙubba ta gilashi, jama'a na hawa su zagaya a sama, 'yan majalisa na zaune a ƙarƙashinsu. Tunani ne mai kyau, kuma ya dace da garin da ke marmarin rana. A Abuja bangon gilashi tanda ce. Sai an sa masa na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, ita kuma sai janareto, daga ƙarshe a liƙa masa baƙar leda ko a saki labule, na waje bai ga komai ba, an kuma ninka kuɗin dizal. Abin koyi a Balin yana wani wajen. Da aka sami barazanar hari a 2010 an rufe ƙubbar na ɗan lokaci, sannan aka sake buɗe ta da sharaɗin mutum ya yi rajista tukuna a bincike shi a wani ɗaki da ke waje. Sun ƙara tsaro, ba su kuma kori masu ginin ba. A Kanbera ta Ostireliya, majalisar da aka buɗe a 1988 an binne ta ne a cikin tudu aka shuka ciyawa a rufinta domin jama'a su taka saman wakilansu. A 2017 an kewaye gangaren da shinge saboda tsaro, mutanen ƙasar suka yi ta ƙorafi, amma har yanzu baƙo na shiga ginin ya zauna a benen 'yan kallo ya saurari muhawara.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu a Johannesburg, wadda aka buɗe a 2004. A harabar tsohon kurkukun da aka taɓa tsare Gandhi da Mandela aka gina ta, har da bulon wani sashe na kurkukun da aka rushe aka sa a bangonta. Masu zanen sun ɗauko tunaninsu ne daga shari'ar gindin bishiya irin ta ƙauyukan Afirka, shi ya sa ginshiƙan falon shiga suka karkace kamar itatuwa, haske na saukowa tsakaninsu. An rubuta sunan kotun a gabanta da harsunan hukuma 11 na lokacin. A ɗakin shari'ar akwai siririyar taga daidai da ƙasan titi, alƙalai na zaune suna ganin ƙafafun masu wucewa. Kuma ta hanyar gasa aka zaɓi zanen, ba kiran wani aka yi a ɓoye aka ba shi ba. Ƙasa ce mai fama da miyagun laifuka kamar tamu, duk da haka ɗan makaranta na shiga kotun ƙolinta ya zauna. Mu ma sashe na 36 na kundinmu ya ce a fili ake shari'a. Fili kuwa sai da ƙofar da za a bi a isa gare shi.

To me nake so a gina? Zauren jama'a na gaske, gini mai rufi da baranda mai faɗi, a bakin iyakar unguwar, daidai inda motar haya ke iya tsayawa. A nan za a yi duk binciken tsaro sau ɗaya, da na'ura, cikin inuwa, layin maza daban na mata daban. Wannan ya fi wa jami'an tsaro kansu, domin mugun abu gara a tare shi nesa da ginin da a tare shi a jikinsa. A cikin zauren a sa kujeru da famfo da bayan gida da wurin sallah, da teburin da za a karɓi takardar koke a buga mata hatimi a ba mutum shaidar karɓa mai lamba da kwanan wata. Mutum ya koma Zariya da wannan 'yar takarda a aljihu, ko bai ga kowa ba ya san tafiyarsa ba ta tashi a banza ba. A sa ma'aikatan da ke jin Hausa da Yarabanci da Ibo da Gbagyi da Turancin buroka, alluna kuma su zo da hoto saboda wanda bai yi boko ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun gwamnati, amma wanda ba shi da lauya bai san tagar da zai miƙa buƙatarsa ba. A ba ta taga a wannan zaure.

Daga zauren zuwa Majalisa da Kotun Ƙoli da sakatariya, a yi hanyar ƙafa mai rufi, a dasa itatuwa masu inuwa a jere, irin su maɗaci da tsamiya da ɗurumi da darbejiya. A daina cika wurin da dogayen itatuwan ado da ba sa rufe kan ko da mutum ɗaya. Duk wanda ya san unguwannin Zariya da ake kira da sunan rimi ya san bishiya ɗaya kan tara gari. Ita kanta bishiya mai kauri, da dakalin dutse, da kwatar ruwa, da ɗan tudu, suna tare mota kamar yadda tubalin kankare ke yi, ga shi kuma ana zama a kansu. Masu zanen fili sun daɗe da sanin wannan, ba a dai tambaye su ba ne.

Sai maganar masu buƙata ta musamman, wadda ba roƙo ba ce, doka ce. Dokar hana nuna musu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyoyinsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Ya kamata unguwar da aka yi dokar a cikinta ta riga kowa cikawa: gangara mai sauƙi da mai keke zai hau shi kaɗai ba sai an tura shi ba, ta babbar ƙofa ba ta bayan gini ba, da lif mai aiki, da alamar da makaho zai bi da sandarsa.

Akwai abu guda da na san zai yi muku nauyi, amma sai na faɗa. A ware filin zanga-zanga inda 'yan majalisa za su gani su kuma ji. Sashe na 40 ya ba 'yan ƙasa 'yancin taruwa, taswirar unguwar kuwa ba ta ba su wurin tsayawa ba. Masu fafutukar a dawo da 'yan matan Chibok sun yi zamansu ne tun 2014 a dandalin Unity Fountain, can Maitama, inda babu ɗan majalisar da zai hango su ta taga. Masu tattaki kuma in sun iso, a bakin ƙarfe suke cunkushewa, su da 'yan sanda ƙirji da ƙirji. A watan Agustan 2023 'yan ƙwadago sun ture ƙofar Majalisar. A Nuwamban 2014 'yan majalisa ne da kansu suka haura ta bayan an kulle su a waje. Ƙofa ɗaya tilo da ke tsakanin jama'a da wakilansu makami ce a hannun duk wanda ya riƙe makulli a ranar. Fili mai faɗi, mai hanyoyin fita da yawa, da ɗan mumbarin da shugaban kwamiti zai fito ya tsaya ya karɓi takarda, ya fi kare rai da dukiya. Na san abin da ya faru a Brasiliya ranar 8 ga Janairu 2023, da gungun mutane suka afka wa majalisa da kotu da fadar shugaban Burazil. Wannan hujja ce ta a ƙarfafa ƙofofin ginin da shirin jami'ai. Ba ta isa hujjar hana miliyoyin masu zuwa da lumana wurin tsayawa ba.

Ku dubi unguwar bayan ƙarfe 5 na yamma ko ranar Asabar. Masu shara da masinjoji da direbobi da ƙananan akawu sun kama hanyar Nyanya da Mararaba da Kubwa, wuri ya yi tsit. Da rana ma masu abincin da ke ciyar da waɗannan ma'aikata a ɓoye suke sana'a, kullum cikin fargabar a kwashe musu kaya. A gina musu rumfuna masu tsabta da ruwa, a ba su lamba, su biya abin da ya dace. Mai shayin da ya shekara a kusurwa ɗaya ya fi kyamara sanin baƙuwar fuska. A kuma gama Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda aka fara tun 2006 ya shekara da shekaru a tsaye. A duk gine-ginen tsakiyar gari, shi ne wanda ɗan ƙasa zai shiga ba don yana da buƙata wajen wani ba, shi ne kuma aka bari a baya. Raina yana ɓaci duk sa'ad da na tuna da wannan.

Za a ce babu kuɗi. A kasafin 2020 an sa naira biliyan 37 domin gyaran ginin Majalisa, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka rage. Ban ce rufin da ke yoyo kada a gyara shi ba. Amma zaure da baranda da itatuwa da famfo ba su kai ko kusa da irin wannan kuɗi ba, kuma da an sa su a cikin lissafin tun farko, da mutane sun ga rabonsu a aikin, da surutun bai kai haka ba.

Yadda za a zaɓi zanen ma wani ɓangare ne na buɗewar. A yi gasa a fili, Cibiyar Masu Zanen Gini ta Najeriya da hukumar rajistarsu ARCON su sa ido, a ɓoye sunayen masu shiga har alƙalai su gama. Cikin alƙalan a sa mai keken guragu, da 'yar kasuwa, da wakilin Gbagyi, da jami'in tsaron da ya taɓa tsayuwa a bakin ƙofa, tare da manyan malaman zane. A bar ƙofa ga matasa da ɗalibai. A nan Samaru akwai sashen zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya girmi kowane a ƙasar nan, tun zamanin tsohuwar Kwalejin Fasaha kafin a kafa jami'ar a 1962. Ɗalibansa sun auna zauruka da soraye na birnin Zariya da Kano da Katsina, sun san yadda kauri da tsayin bango da ƙaramar taga ke sanyaya ɗaki ba tare da lantarki ba. Akwai irinsu a Enugu da Ile-Ife da Legas da Jos, kowa da hikimar farfajiyar garinsu. Kafin a yanke hukunci, a zagaya da zanukan da suka kai zagayen ƙarshe shiyyoyi 6 na ƙasar, a kafe su a inda jama'a ke taruwa, da ƙaramin samfuri na katako da mutum zai zagaya ya nuna da yatsa, domin ba kowa ke iya karanta taswira ba. A yi bayani a rediyo da harsunan gida, a ajiye littafin da mutane za su rubuta ra'ayinsu, a kuma buga abin da suka ce da amsar da aka ba su.

Akwai matakin da ba ya buƙatar kasafi ko kwangila, kuma yana hannunka, Mai Girma Minista. Ka umarci FCDA ta fitar da taswirar tsakiyar birnin kamar yadda aka zana ta tun farko, a ajiye ta gefe da gefe da taswirar yadda wurin yake a yau, a nuna filayen da aka ware wa jama'a, waɗanne ne suka rage, waɗanne aka sauya musu amfani, kuma a wace shekara. A sa ta a intanet, a aiko da kwafi makarantun zanen gini. Sannan a dakatar da raba duk wani fili da ya rage a kan wannan layi har sai an kammala gasar, domin filin da aka riga aka zuba wa kankare ba ya dawowa. Ku kuma shugabannin Majalisa, ku sa kwamitocinku na Babban Birnin Tarayya su kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan batu a zangon da kuke ciki, ku sanar da ranar da wuri yadda na nesa zai iya shiryawa. Idan kun kira, daga Zariya za mu zo da zanukanmu.

Allah ya ba ku ikon yi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Mai zanen gini,
Tudun Wada, Zariya.